Jagorar Ƙwarewa a Wasannin Harbi na Burauza Masu Bin Dokar Nauyi

Akwai wani rukuni na wasannin kwamfuta wanda ba ya buƙatar a sauke komai a waya, ba ya neman rajista, ba ya kuma tambayar mutum ko Larabci yake ji ko Turanci. Burauza kawai ake buɗewa a shiga shafi, sai ga danƙo ko baka ko igwa a gefen hagu na allo, ga kuma abin da ake so a harba can gefen dama. Mai wasa ya ja, ya saita, ya saki, sannan ya zuba ido yana kallon abin da ya harba ya tashi sama, ya lanƙwaso, ya faɗo inda nauyinsa da ƙarfin da aka ba shi suka kai shi. Waɗannan su ne wasannin harbi masu bin dokokin fiziks, kuma mazaunin Saudiyya ba zai rasa cin karo da su ba, ko a hannun yaro a Shara Mansur ta Makka, ko a kwamfutar ɗalibin Jami'ar Musulunci ta Madina bayan an tashi daga darasi, ko wajen mai tsaron shago a Jidda da ke jiran mai saye da tsakar rana.

Yawancin mutane da ka suke buga su, a ja a saki a jira sa'a. A ganina wannan asarar rabin daɗin wasan ne, domin abin da ya bambanta wannan rukuni da sauran shi ne ba ya ha'inci. Idan ka kuskure, wasan zai nuna maka a fili ta ina ka kuskure da kuma yawan tazarar da ta rage, kuma idan ka maimaita harbi iri ɗaya a yanayi iri ɗaya, sakamakon ba zai yi nisa da na farko ba. Wanda ya koyi karanta kuskurensa zai daina caccaka, ya koma auna abu da hankali. Wannan jagorar ta wanda yake son ya kai wannan matsayi ce, tare da kiyaye wayarsa da lokacinsa.

Inda abin ya samo asali

Tsarin ya girmi yawancin masu buga shi. A shekarar 1991 kamfanin Microsoft ya haɗa wani ɗan wasa mai suna Gorillas cikin tsarin MS-DOS 5, inda gwaggon birai biyu ke tsaye a kan dogayen gine-gine suna jifan juna da ayaba mai fashewa. Mai wasa lambobi biyu kawai yake rubutawa, kusurwa da gudu, sai ya duba kibiyar da ke nuna iska. Worms ya fito a 1995 daga kamfanin Team17 na Ingila, ya ƙara barkwanci da makamai iri-iri a kan wannan ginshiƙi. Zamanin Flash, wata fasahar kunna wasa da bidiyo a shafukan intanet, shi ne ya kawo tsarin cikin burauza, inda Crush the Castle na 2009 ya ba mutum majajjawar yaƙi ya rusa ganuwa da ita, kuma a Disambar wannan shekara kamfanin Rovio na ƙasar Finland ya fitar da Angry Birds, wanda ya sa duniya gaba ɗaya ta san jan danƙo a kan allo.

A ƙarƙashin da yawa daga cikinsu akwai abin da ake kira injin lissafin motsi, kuma mafi shahara shi ne Box2D wanda Erin Catto ya rubuta ya bar shi kyauta ga kowa. Aikin injin shi ne ya riƙa lissafa inda kowane dutse da katako da harsashi yake, da gudunsa, da abin da ya ci karo da shi, galibi sau 60 a kowace daƙiƙa. Shi ya sa ba a zana rushewar gini tun farko a ajiye. A lokacin da ka harba ake lissafa ta, kuma shi ya sa wani lokaci tubali guda zai tsaya yana rawa a bakin katanga, zuciyarka na rawa tare da shi, kafin ya yanke shawarar faɗuwa. Kamfanin Adobe ya daina tallafa wa Flash a ranar 31 ga Disambar 2020, don haka wasannin yau a kan fasahar HTML5 suke, wadda kowace burauza ta zamani ke ɗauka ba tare da ƙarin komai ba.

Saudiyya ƙasa ce da ta zuba dukiya a harkar wasannin kwamfuta, har gasar duniya da aka fara a Riyad a 2024 ta raba kyautar da ta haura dala miliyan 60. Amma manyan wasannin gasa suna son na'ura mai tsada, da intanet mai sauri, da sa'o'i masu yawa. Waɗanda muke magana a kansu minti biyu ya ishe su, tsohuwar waya ma tana ɗaukar su. Akwai kuma wata fa'ida da ta shafe mu musamman. A gidajenmu a nan, sau da yawa yaro da Larabci ya yi karatu, baƙon da ya zo daga Kano ko Damagaram da boko ko Faransanci ya saba, dattijo kuwa ajami ya fi ganewa. Faɗuwar dutse ba ta buƙatar tafinta, don haka dukansu za su iya zama a gaban allo ɗaya kowa ya gane abin da ke faruwa.

Mataki na farko: zaɓen wasa da shafin da za a buga shi

Ka fara da sanannun shafukan da suka daɗe suna wannan aiki, irin su Poki da CrazyGames da Armor Games, ka rubuta adireshin da hannunka maimakon ka bi mahaɗin da aka turo a zauren WhatsApp. Cikin shafin za ka tarar da nau'i huɗu ko biyar. Akwai na rusa gini da danƙo ko igwa, akwai na kwari da baka inda ake harbin abin da ke nesa, akwai na tankokin yaƙi biyu da ke musayar wuta bi da bi ta kan tsauni, akwai na harsashi mai dukan bango ya dawo, sannan akwai na 'yan tsana masu sanyin gaɓɓai da ke tangaɗi suna harbin juna, kamar Rooftop Snipers. Shawarata ga mai farawa ita ce ya ɗauki na tankoki ko na igwa wanda ke rubuta lambar kusurwa da lambar ƙarfi a kan allo, domin lamba ce ke ba mutum damar ya san abin da ya yi, ya kuma maimaita shi.

A nan dole a tsaya a yi maganar tsaro da babbar murya, saboda wayar mazaunin ƙasar nan ba abin wasa ba ce. A cikinta Absher yake, manhajar hidimomin gwamnati, da Nafath ta tantance mutum, da manhajar banki, da bayanan iƙama. Wasan burauza na gaskiya ba ya neman lambar wayarka, ba ya neman lambar sirrin da aka turo maka ta saƙo, ba ya cewa sai ka sauke wani fayil kafin ya buɗe. Duk shafin da ya nemi ɗaya daga cikin waɗannan, ka rufe shi nan take. Idan ya nemi izinin turo maka sanarwa, ka hana, domin ta wannan ƙofa ce tallace-tallacen banza ke cika waya. Idan kuwa buƙatar amincewa ta Nafath ta faɗo maka alhali ba kai ka nemi wata hidima ba, kada ka taɓa amincewa, ko da wane irin bayani aka yi maka. Haka nan wasan da ya ce ka zuba riyal kaɗan don ka ci riyal mai yawa ya fita daga sahun wasa ya shiga caca, wadda addini ya haramta, dokar ƙasa ma ta hana.

Mataki na biyu: shirya na'ura

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Ka sabunta burauzarka, ka rufe sauran shafukan da ke buɗe, ka kwantar da waya a gicciye, ka kuma faɗaɗa wasan ya cika allo. A kwamfuta mai Windows maɓallin F11 ne ke yin haka. Ka jira wasan ya gama lodi a kan intanet na gida idan da hali, domin bidiyon talla kan ci data fiye da yadda mutum ke zato. Ka sani kuma cewa yawancin waɗannan wasanni a cikin burauzar kanta suke ajiye matakin da ka kai, saboda haka idan ka goge bayanan burauza, ko ka buga a shafin sirri, za ka dawo ka tarar an mayar da kai farko.

Zafi kuwa abu ne da mu ya fi shafa. Kamfanin Apple ya ce an ƙera wayoyinsa ne don aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali zafin Makka da Madina a lokacin bazara yana haura 40 ba tare da wahala ba. Waya idan ta ɗauki zafi takan rage wa kanta gudu don ta kare kayan cikinta, sai hoto ya fara tsinkewa, hannunka ya saki danƙo a lokacin da ba shi ka nufa ba. Kada ka buga a cikin motar da ta sha rana, kada ka buga waya na caji, kuma idan ka ji bayanta ya yi zafi ka cire mata riga ka bar ta ta huce.

Mataki na uku: sanin abin da kusurwa ke yi da abin da ƙarfi ke yi

Nan ne zuciyar al'amarin, kuma ya cancanci a zauna a kansa. Tun a 1638 masanin kimiyya ɗan Italiya Galileo ya nuna cewa abin da aka jefa yana yin tafiya biyu ne a lokaci guda: yana ci gaba da gudunsa na gaba ba tare da canji ba, yayin da ƙasa ke janyo shi da ƙarfin da ke ƙaruwa a kai a kai. Haɗuwar biyun ce ke ba da wannan lanƙwasa da muke gani. Wasanni da yawa ba sa lissafa tirjiyar iska, don haka dokokin da ke biye suna aiki a cikinsu kusan daidai-wa-daida.

Idan kai da abin da kake son ka harba kuna kan daidaitacciyar ƙasa ɗaya, kusurwar digiri 45 ce ke kai harbi mafi nisa. Duk kusurwoyi biyu da jimillarsu ta ba da 90 wuri ɗaya suke sauka idan ƙarfin bai canja ba: 30 da 60 nisansu ɗaya, wajen kashi 87 cikin ɗari na mafi nisa, 15 da 75 kuma kowannensu rabin nisan yake ci. Ma'anar wannan ita ce kusan kowane abin harbi yana da hanya biyu da za a same shi, ta ƙasa da ta sama. Harbin ƙasa yana isa da wuri, yana dukan abu daga gefe, ya dace da ture ginshiƙi. Harbin sama yana tsallake katanga ya faɗo a ka. Na digiri 60 yana tashi sama ninki uku na tashin na digiri 30, yana kuma daɗewa a iska kusan ninki ɗaya da kashi uku cikin huɗu, abin da zai zama muhimmi idan muka zo maganar iska.

Akwai wani sirri da ba kowa ya lura da shi ba. A kusa da digiri 45, ɗan kuskuren kusurwa ba ya yin wata illa: harbin 40 da na 50 ba su gaza na 45 da ko kashi 2 cikin ɗari ba. Amma a ƙananan kusurwoyi abin ba haka yake ba, domin daga digiri 10 zuwa 12 kawai nisan yana ƙaruwa da kusan kashi 19 cikin ɗari. Saboda haka wanda hannunsa ke rawa, ko yake wasa a cikin jirgin ƙasa na Haramaini tsakanin Makka da Madina, gara ya tsaya kusa da 45 ya riƙa gyara da ƙarfi, maimakon ya nace wa harbin ƙasa-ƙasa da ke son hannu tsayayye.

Shi kuma ƙarfi ba ya tafiya daidai da yadda ido ke zato. Idan ka ninka gudun harsashi sau biyu, nisansa sau huɗu zai ninku. Idan ka ƙara kashi 10 cikin ɗari, nisan zai ƙaru da kashi 21. Wannan ne dalilin da ya sa sabon mai wasa yakan gaza kaɗan, ya ƙara ƙarfi da yawa, sai harbin ya wuce can baya, ya dawo ya rage da yawa, ya sake gazawa. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce: gwargwadon kason da ka gaza, ka ƙara kimanin rabinsa a ƙarfi. Idan harbinka ya sauka saura kashi ɗaya cikin goma na hanya, ƙarin kashi ɗaya cikin ashirin ya wadatar. Sai dai ka gwada wasanka tukuna, domin wasu masu ƙirƙira sukan tsara sandar ƙarfi ta wata hanya daban. Harbi biyu sun isa gwaji, ɗaya da rabin ƙarfi ɗaya da cikakke a kusurwa ɗaya. Idan na farko ya ci rubu'in nisan na biyu, to wasan yana bin dokar da muka faɗa.

Tudu da kwari su ma suna da tasu. Idan kana sama abin harbinka na ƙasa, mafi nisan harbi yana ƙasa da digiri 45. Idan kai ne a kwari, sai ka ɗaga sama da haka.

Mataki na huɗu: gyara abu ɗaya a lokaci ɗaya

Harbinka na farko a kowane sabon mataki tambaya ce, kada ka ɗauke shi a matsayin wanda dole ya ci. Ka zaɓi kusurwa da ƙarfin da za ka iya tunawa, ka harba, ka kalli inda ya sauka har ƙarshe. Wasanni da yawa suna barin ɗigo-ɗigon hanyar da harbin baya ya bi. Wannan layi shi ne malaminka. Inda babu shi, sai ka riƙe wata alama a bayan fage, kamar ƙololuwar tsauni ko gefen gajimare, ka ce da kanka a nan na saita.

Daga nan sai ka canja abu ɗaya tak, ko kusurwa ko ƙarfi. Wanda ya canja duka biyun lokaci guda, ko ya ci bai san abin da ya sa ya ci ba, gobe ba zai iya maimaitawa ba. Dabarar da masu igwa na gaske suka daɗe suna amfani da ita ita ce a sa abin harbi a tsakiya, harbi ɗaya ya gaza, ɗaya ya wuce, sannan a riƙa raba tazarar biyu. Kamar ciniki ne a kasuwa, mai kaya ya faɗi sama, mai saye ya taya ƙasa, kowane zagaye tazarar na raguwa har a sallama. Idan ƙarfi 60 ya gaza, 80 ya wuce, ka gwada 70. Idan 70 ya wuce, ka san amsar tana tsakanin 60 da 70, sai 65. Rabawa uku tana mayar da tazarar kashi ɗaya cikin takwas na yadda take, kuma da wuya abin harbi ya tsira daga nan. Saboda haka idan harbin farko ya gaza, ya fi maka alheri na biyu ya wuce da gangan, a kan ka riƙa lallaɓowa da kaɗan-kaɗan kana ƙone harsasai.

A waya akwai matsalar yatsa. Yana rufe abin da kake son gani, kuma a lokacin ɗaga shi yakan goce kaɗan ya ɓata saiti. Idan wasan ya yarda, ka ja yatsan nesa da danƙon, domin duk yadda ya yi nisa haka motsinsa ke zama ƙaramin canji a kusurwa. Ka jingina gefen tafin hannunka a kan tebur ko gwiwa, ka ɗaga yatsan sama kai tsaye ba tare da ja ba. A kwamfuta linzami ya fi faifan shafawa daidaito nesa ba kusa ba. Bayan kwanaki kana wannan, za ka ga ka daina ƙirga lamba, idonka na faɗa maka kusan inda abu zai sauka tun kafin ka saki. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma a wannan fage horo ne ke ba shi sanin.

Mataki na biyar: karanta fage kafin a harba

Ka ɗauki misalin matakin da aka saba gani: ginshiƙan katako biyu a tsaye, an ɗora musu falalen dutse a kai, abin da ake nema yana zaune a ƙarƙashi, a gaba kuma ga tubalan gilashi. Mai gaggawa zai auna abin da ake nema kai tsaye, harbinsa ya ƙare a jikin gilashi. Mai lura zai tambayi kansa me ke ɗauke da me. Dutsen nan mai nauyi makaminka ne, ba maƙiyinka ba, abin da ake bukata kawai a cire masa ƙafa ɗaya. Idan kana son ture dogon ginshiƙi ka doke shi kusa da kansa, domin a can ƙaramin ƙarfi ke juya shi. Idan kana son ya zame daga ƙarƙashin kaya ka doki gindinsa da harbin ƙasa mai sauri. Ka kuma duba ta wane ɓangare kake son ginin ya faɗi, saboda tarkacen da ya zubo ta gabanka yakan zama sabuwar katanga da za ta tare maka harbi na gaba. Gangar da ke fashewa, in akwai, ba a banza aka ajiye ta ba, mai tsara matakin yana nuna maka hanya ne.

Iska tana tura harsashi ne muddin yana sama, don haka harbin da ya daɗe a sama shi ya fi shan wahalarta. In iska na da ƙarfi kuma babu katanga a tsakani, ka zaɓi hanyar ƙasa. In dole ne ka tsallake tsauni, ka duba alamar iska kafin kowane harbi, domin a wasannin tankoki takan canja daga zagaye zuwa zagaye, lissafin ɗazu ya tashi daga aiki.

A wasannin da harsashi ke dukan bango ya dawo, da kusurwar da ya shiga da ita yake fita. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki bangon a matsayin madubi, ka ƙiyasta inda hoton abin harbin zai bayyana a bayansa, ka saita can. Abin da ke motsi kuwa ba inda yake ake harbi ba, inda zai kai ake harbi, kuma idan yana kai da komo ne ka jira shi a ƙarshen zangonsa, inda yake ɗan tsayawa kafin ya juyo. Wasannin 'yan tsana masu tangaɗi ba su da saiti na sosai. Hannun ɗan tsanan ne ke shawagi sama da ƙasa, kai kuma aikinka ka san lokacin saki. Ka tuna kuma bindiga tana tura mai ita baya, don haka wanda ke tsaye a bakin rufi ya harba ba tare da lura ba, shi zai fara faɗowa.

Mataki na shida: buga shi da wani

Wasu daga cikin waɗannan wasanni suna ba mutum biyu damar bugawa a madannan kwamfuta ɗaya, kowa da maɓalli biyu ko uku, kuma a nan ne nake ganin sun fi armashi. Na ga wani magidanci a Jidda ya zauna da ɗan ƙanwarsa bayan sallar isha'i suna musayar wuta da tankoki. Yaron ya fi shi saurin hannu, amma shi ya fi haƙuri. Da harbin yaron ya wuce sau biyu a jere, sai ya ce, "Kawu, wannan iskar ce ke cuta ta." Shi kuwa ya nuna masa allo da yatsa ya ce, "A'a ɗana, iskar ba ta canja ba, kai ne ka taɓa sama ka taɓa ƙarfi lokaci guda. Mayar da ƙarfin inda yake, ka sauke hancin igwar kaɗan." Yaron ya yi haka, harbin ya sauka dab da tankar kawun, sai ga shi yana lissafi da baki kafin zagaye na gaba.

Idan za ka buga da yaro, ka sa shi ya faɗi inda yake zaton harbin zai sauka kafin ya saki, ya kuma faɗi dalilin abin da zai canja. Wannan ɗan sharaɗi yana mayar da wasan darasin kusurwa da ƙiyasi, irin wanda zai tarar a ajin lissafi. Ka ba wanda bai ƙware ba harbi biyu a kan naka ɗaya don kada ya karaya. Amma kafin ka miƙa masa, ka buga matakan farko da kanka, domin wasu wasannin baka da kibiya suna nuna jini idan an sami mutum, wasu tallace-tallacen kuma ba su dace da idon yaro ba. Na rusa gini da na harbin balan-balan ko gwangwani sun fi dacewa da ƙanana, kuma kusan kowanne yana da maɓallin kashe kiɗa ga gidan da ba a so.

Mataki na bakwai: sanya iyaka tun kafin a fara

Abin da ya sa wasan ke da daɗi shi ne kuma haɗarinsa. Kuskuren da ya rage saura ƙiris ya fi kuskure mai nisa riƙe mutum, maɓallin sake gwadawa kuma yana nan kusa da yatsa, sai a ce bari in ƙara ɗaya, har a ji kiran salla ya riski mutum bai yi alwala ba, ko a daren Ramadan a farga lokacin sahur ya kawo jiki. Iyakar da ta fi aiki ita ce wadda aka ɗaura da wani abu na zahiri: zan tsaya idan na gama matakai uku, ko da zarar an yi kiran farko, ko idan motar da nake jira ta iso. Matakin da ya gagare ka bayan gwaji da yawa, ka bar shi zuwa gobe, domin hannun da ya fusata ba ya saiti, kuma sau da yawa hanyar da ta ɓuya maka da daddare da safe a fili take.

Masallaci da harabar Harami ba wurin wannan ba ne, haka ma bakin aiki a lokacin da mai gida ko abokin ciniki ke da haƙƙi a kanka, balle a kan sitiyari. Don lafiyar ido, bayan kowane minti 20 ka ɗaga kai ka kalli abu mai nisan mita shida na tsawon daƙiƙa 20. Iyaye kuma suna da kayan aiki a hannu: a iPhone akwai Screen Time, a wayoyin Android akwai Digital Wellbeing da Family Link. Tun da a cikin burauza wasan yake ba a manhaja ta daban ba, a kan burauzar kanta ko a kan adireshin shafin za a ɗora iyakar lokacin, in ba haka ba yaro zai ci gaba da bugawa alhali ana zaton an rufe.